In ɓarayin intanet suka kama ƙasa gaba ɗaya, wa ake kira?

Ɗan Taransit Mokoyo:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ilimin ordinater ku matso kusa, tambaya gare ni kuma ba ta raha ba ce.

Ni aikin taransit nike yi nan Maraɗi, muna da ɗan biro mu huɗu, muna fidda ma ƴan kasuwa kaya a duwan, mafi yawa masu shigowa ta Ɗan Isa. Ran Litinin da ta wuce yaron biro ya kunna ordinater da safe sai ya ga dosiye ɗinmu duk sun canza suna, wanda ka taɓa ba ya buɗuwa, faktir ne, lissafin bashin da muke bin mutane ne, hotunan takardun motoci na shekara kusan huɗu, komi da komi. Takarda guda ce kawai ta buɗe, da turancin Ingilishi, wai sun kulle kayanmu in muna son makulli mu biya da kuɗin kirifto cikin kwana uku in ba haka ba kuɗin ya ninka. Wallahi ni na ɗauka garkuwa da neman kuɗin fansa a dajin iyaka ta tsaya, ashe har cikin ordinater ana yin ta.

Na ruɗe, na sa yaron ya ɗauke ta bisa moto ya kai ma wani mai gyara, shi kuma ya ce ba magani sai a goge komi a zuba sabon Windows, na ce goge. Ya amshi jika biyar. Yanzu ga na'ura tana aiki tas amma fanko ce kamar rumbu a watan bazara.

To asarar tawa na barma Allah. Abin da ya hana ni barci shi ne wannan: ni ɗan ƙaramin biro ne, mutum huɗu. In abin nan ya faɗa ma babbar na'urar duwan da muke shigar da deklarasiyo, ko ta masu wutar lantarki, ko bankuna, ko kamfanonin nan na aika kuɗi da duk Maraɗi ta dogara gare su, mi za ya faru? In gobara ta tashi kowa ya san 18 ake bugawa pompiye su zo, in ɓarawo ne 17. To wannan fa wa ake kira? Akwai masu gadin ƙasa a wannan fannin ko kowa tashi ta fisshe shi? Wanda ya sani ya yi mani bayani da Hausa don Allah, kar a cika ni da faransanci.

Sani Rezo:

Allah ya mayar da alheri Alhaji. Amma gaskiya mai gyaran nan ya yi gaggawa, ba a goge irin wannan nan take. Kuma ina da yaƙinin yaronka yana sa kile USB na mutane ko yana sauke finafinai da ordinater ɗin biro, ka tsare shi ka tambaye shi da kyau. Bari Injiniya ya zo shi ne gwanin dogon bayani, ni waya nike gyarawa.

Injiniya Unguwar Zariya:

Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Sani ka ja ni ciki to bari in zauna, amma ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Abin da ya same ka birus ne mai garkuwa da bayanai, kuma kwatancen da ka yi daidai ne, sana'a ce guda da ta ƴan daji illa su ba su buƙatar bindiga. Yawanci ba wai kai suka nufa ba, tarko suke bazawa ko'ina, wani saƙon imel mai ɗauke da takarda kamar faktir, ko lojisiyel na sata da aka sauke kyauta, wanda ya taka shi ke nan. Da ka tambaya tun da farko da na ce a zare wayar intanet daga jikin na'urar, a ɗauki hoton takardar da suka bari, a cire diski a aje gefe a sa wani sabo. Dalili akwai wani shafi No More Ransom da ƴan sandan Turai suka buɗe tare da kamfanonin tsaro tun 2016, suna aje makullan wasu irin waɗannan birus ɗin kyauta, wani lokaci yau babu makulli amma bayan wata shida a kama ɓarayin a saki makullin, wanda ya aje diskinshi sai ya maido kayanshi. Wanda ya goge kuwa ya rufe ma kanshi wannan ƙofa.

Yanzu babbar tambayar. E, akwai abin da ya yi daidai da pompiye, ana ce mashi CERT ko CSIRT, wato gungun ma'aikata da aikinsu kawai shi ne amsa kira in an kai hari ta kwamfuta. Asalinshi Amurka ne, a watan Nuwamba 1988 wani ɗalibi ya saki wata tsutsar kwamfuta ta bi intanet ɗin lokacin ta tsayar da na'urori dubbai, kowa na ta kiran kowa ba wanda ya san shugaban aiki, bayan nan aka kafa na farko a jami'ar Carnegie Mellon. Yau maƙwabtanmu suna da nasu, Najeriya ngCERT ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Benin bjCSIRT, Burkina CIRT-BF, Kot Dibuwar CI-CERT. Aikinsu ba kama ɓarawo ba ne, wannan na ƴan sanda da alƙali ne. Su nasu shi ne a kira su ko ƙarfe ukun dare ne su ɗauka, su gane wane irin ciwo ne, su killace wurin kar ya bazu, su buga ma sauran bankuna da ma'aikatu su ce ga abin da ya shigo ku toshe ƙofa kaza, sannan su taimaka a tada aiki. Kuma suna da ƴan uwansu a wasu ƙasashe da suke waya da su kai tsaye, don uwar na'urar da ake kai maka hari da ita tana iya zama a wata nahiya, kai ba ka da ikon kashe ta sai wani can ya kashe maka.

Nan gida abin da muke da shi a takarda ba kaɗan ba ne. Akwai dokar 2019 ta yaƙi da laifukan intanet, akwai HAPDP mai kula da kare bayanan mutane, akwai ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, a ƙarshen 2022 gwamnati ta amince da tsarin tsaron intanet na ƙasa na 2023 zuwa 2027, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka tabbatar da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka wadda ta fara aiki a 2023. A ɓangaren ƴan sandan PJ, masu binciken laifuka, ma akwai sashen da ke bin laifukan intanet, nan ne irin ƙararka za ta je. Amma ni ma'aunina ba takarda ba ne, ma'aunina shi ne wanda kai ka kawo ba ka sani ba: mutum kamar kai mai biro a Maraɗi, abu ya same shi ran Litinin da safe, shin ya san lambar da za ya buga? Ba ka sani ba. To wannan shi ne ramin.

Kuma tsoron da kake ji kan duwan ba mafarki ba ne, ya faru ga wasu. Kosta Rika a watan Afrilu 2022 wani gungu mai suna Conti ya kulle na'urorin ma'aikatar kuɗinsu, haraji da duwan suka tsaya, kwantenoni suka taru ana cike takardu da hannu, suka nemi dala miliyan 10 daga baya suka ce 20, sabon shugaban ƙasar Rodrigo Chaves ranar da ya hau mulki 8 ga Mayu ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda kwamfuta, ba yaƙi ba ambaliya. Ba su biya ba amma sun sha wuya makonni. Afirka ta Kudu a Yuli 2021 aka buga ma kamfanin Transnet mai riƙe da tashoshin jiragen ruwa, har Durban ta koma aiki da hannu. Ka ƙaddara SYDONIA, babbar na'urar duwan ɗinmu, ta tsaya sati biyu, ka dubi layin manyan motoci daga Ɗan Isa, ka dubi masu tumatir da albasa da kayansu ba su jira, ka dubi baitulmali da babban rabon kuɗinta daga duwan yake fitowa.

Kar kuma wani ya ce mu talakawa ne wa za ya kula mu. Akwai wani gungu masu jin faransanci da masu bincike suka sa ma suna OPERA1ER, rahoton da ya fito a 2022 ya nuna sun kwashe aƙalla dala miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin sadarwa, mafi yawa a Afirka ta Yamma, kuma Nijar na cikin jerin ƙasashen da suka taɓa. Ba wata fasaha ta aljanu suka yi amfani da ita ba, imel ne na ƙarya zuwa ga ma'aikaci, su shiga su laɓe wata da watanni suna kallon yadda ake aiki, sai ran hutu ko ƙarshen sati su tura kuɗin zuwa asusun mutanen da suka ɗauka haya a cire ta na'urar banki. A 2023 aka kama wanda ake zargin babbansu ne a Kot Dibuwar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangonmu Windows ɗin sata ne da ba ya amsar gyara, da lambar sirri 1234 da aka manna a jikin ekaran, da takardun aiki da ake turawa ta WhatsApp da Gmail na kai.

Baba Na Babbar Kasuwa:

Ɗana Injiniya Allah shi yi ma albarka, ka yi karatu. Amma ni tsoho bari in hwaɗa maku gaskiya, ku yaran zamani kuna neman ɓarawo can Rasha alhali abin da ke kashe mu ya fi haka kusa. A watan Agusta 2023 wane ɗan kutse ne ya shiga ordinater? Ba ko ɗaya. Najeriya ce ta sauke makunni guda bayan juyin mulki, layin da ke zo muna daga Katsina ya mutu, munka zauna cikin duhu da zafi wata da watanni, kusan kashi 70 na wutar ƙasar ga daga can take zuwa. Masu firigo sunka yi asara, gurup ya yi ta shan mai, antenar waya ma in ba mai ba rezo. Sannan Maris 2024 anka ce wayoyi sun tsinke ƙarƙashin teku wajen Abijan, mu da ko tekun ba mu taɓa gani ba ga mu muna ɗaga salula sama muna neman koneksiyo. A 2021 bayan zaɓe kuma kwana goma anka yi ba intanet a salula, shi ma ba ɗan kutse ba ne.

To ina amfanin a sa ma ɗaki kwaɗo goma alhali ginshiƙin ɗakin yana gidan maƙwabci?

Ni shekara arba'in ina kasuwa, littahi gare ni mai baƙin bango, duk wanda nike bi yana ciki, duk mai bina yana ciki. Ba birus ɗin da ya taɓa cin shi, gara ce kawai ta taɓa lasar gefe guda shi ma na gani da wuri. Alhaji Ɗan Taransit ka yi haƙuri amma kun yi sakaci, kun ɗauki amanar mutane kun ba injin da ba ya jin rantsuwa. Ku koma ma alƙalami.

Maman Nana:

Salamu alaikum. Baba ina wuni, a gafarce ni zan sa baki cikin maganar manya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani CSI, wato ƙaramin asibiti, a karkara wajen Maraɗi, ban san komi kan ordinater ba bayan shigar da rahoto a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, amma da na karanta bayanin Injiniya sai na ga ai wannan aikinmu ne sak aka canza mashi riga.

Mu a lafiya akwai cututtukan da doka ce sai ka faɗa. In majo, shugaban CSI, ya ga yaro guda da alamar shan inna ko mutum guda da zawo irin na kwalara, ba ya jira ya ga na biyu, nan take yake sanar da distirik, distirik ta sanar da jiha, jiha ta sanar da Yamai. Kuma kowane sati ana aika rahoto ko ba a ga komi ba, a rubuta sifili, don in ka yi shiru ba a san ko lafiya ce ko kai ne ka yi barci ba. Lokacin sanƙarau haka ake ƙirga mutane sati sati, in adadi ya kai wani mizani a san annoba ta shigo a fito da allura. Ba wai likitocin Yamai sun fi kowa ido ba ne, a'a ƙananan wurare ne ke ba su ido.

To ku a naku fannin wa ke faɗa? Alhaji da kanshi, Allah ya ba shi haƙuri, abu ya same shi ya goge ya yi shiru sai da barci ya ƙi zuwa sannan ya zo nan. Na tabbata cikin satin nan akwai wasu biro biyar ko goma a garin nan da saƙo iri ɗaya ya shigo masu, kowa ya ɓoye don kar abokan ciniki su ji su gudu. Banki ma in an taɓa shi ai ba za ya yi shela ba. Mu mun san wannan hali, shi ne na uwar da ke ɓoye yaro mai ƙyanda cikin ɗaki don kunya har ya shafa ma yaran gida duka. Ko an gina ma masu tsaron nan bene mai hawa goma a Yamai an cika shi da na'urori, in ba mai kai masu labari makafi ne.

Kuma Baba maganar littafi, muna da rajista na takarda har yanzu kuma ba za mu yar ba, amma ranar da ruwa ya ci wani ɗakin ajiyarmu da damina abin da ke cikin na'ura ne ya cece mu. Kowane da ranarshi.

Injiniya Unguwar Zariya:

Hajiya Maman Nana wallahi kin fi ni iya faɗin abin, daga yau da misalinki zan riƙa bayani. Kuma haka ake yi a wurare da dama, a Tarayyar Turai dokarsu ta yanzu ta wajabta ma masu riƙe da wuta, ruwa, asibiti da makamantansu su ba da sanarwar farko cikin awa 24 in babban hari ya same su. Rahoton majo ne kawai aka mayar doka.

Baba kuma ban ƙi taka ba ko kaɗan, ai abin da ka lissafa shi ne rabin aikin. Tsare kayan sadarwar ƙasa ba maganin ɗan kutse kawai ba ne, har da tambayar in wannan hanya ta mutu ina ta biyu. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu ne suka lalace kusan lokaci guda, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, mu kuma ba mu da gaɓar teku dole intanet ɗinmu ya ratso ƙasar wani. Shi ya sa aikin fibar nan mai ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya sa ma kuɗi yake da muhimmanci, ya haɗa mu da Aljeriya da Cadi da Najeriya, kuma cikin aikin har da cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Starlink ma, mai intanet ta tauraron ɗan adam, da aka ba izini ƙofa ce ta daban tunda ta sama take zuwa, sai dai ita ma makunninta na hannun wani, irin dai abin da kake faɗa.

Amma bari in ba ka labarin da za ya yi maka daɗi. Disamba 2015 aka shiga na'urorin kamfanonin wuta a Yukren aka kashe ma mutane wajen 230,000 wuta cikin sanyi, ma'aikata na zaune suna kallon kibiyar ekaran na tafiya da kanta tana kashe layi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya cece su cikin ƴan awoyi shi ne har lokacin suna da makunnai na hannu da tsofaffin ma'aikata da suka san su, suka shiga mota suka bi tasha tasha suna tadawa. Ka ga littafinka mai baƙin bango ke nan. Bambancin kawai ba a yar da na'ura a koma littafi, ana aje littafin ne a kuma riƙa gwada aiki da shi tun kafin ranar, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu ya fi ban dariya. Yuni 2017 wani birus NotPetya ya cinye kamfanin jiragen ruwa na Maersk, masu kwantenonin nan da muke gani bisa manyan motoci, kwamfuta wajen 45,000 sai da aka sake zuba masu komi, asara kusan dala miliyan 300. Akwai wasu uwayen na'urori da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shiga, sun fi ɗari a duniya kuma duk suna kwafar juna, don haka duk suka mutu tare. Aka yi ta cigiya sai aka samu guda ɗaya tak da ta tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ta kasance a kashe. Ɗauke wutar da muke zagi kullum ita ta ceci kamfanin. Darasin da masu aikin suka ɗauka shi ne kwafin ajiya da ke manne da na'ura kullum ba ajiya ba ne, in wuta ta kama gida tare za su ƙone. Manomi ma ba ya gina rumbun tsimi jikin madafa. Alhaji ka sayi diski na waje guda biyu, kowace Alhamis a kwafe a zare, ɗaya a biro cikin kabad ɗaya a gida, kuma lokaci lokaci a buɗe a ga ko abin da ke ciki na buɗuwa, don na sha ganin mai ajiya shekara biyu ran buƙata a tarar fanko yake kwafa.

Ɗalibi UDDM:

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ina son in ƙara abu guda kan maganar Mama ta rashin faɗa. Ba kunya kawai ba ce, akwai tsoro. Ku fita titi ku tambayi mutum goma mi suka sani kan dokar laifukan intanet, tara za su ce maku ita ce wadda ake kama mutum da ita in ya yi rubutu a Facebook ko ya tura vokal a WhatsApp. Kuma ba su yi ƙarya ba tunda a 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, a Yuni 2024 aka maido shi. Ban zo gardamar ko ya dace ko bai dace ba, wannan wani zaure ne. Abin da nike cewa shi ne in kalmar siber a kunnen talaka tana nufin kamu, ranar da aka yi mashi kutse ba za ya kai kanshi ba, za ya ce kar in je da ƙara a buɗe wayata a ga wani abu daban. Shi ya sa a ganina masu amsa kiran gaggawa dole su zama daban da masu kamu, kamar yadda likita yake daban da ɗan sanda, ka gaya mashi ciwonka ba tare da fargaba ba.

Sannan yaya Injiniya, mu nan muna da yara masu kai wallahi, wasu da tsohuwar ordinater da koneksiyon dare suke koyon abin nan, amma wanda ya ƙware sai ka ji ya tafi Dakar ko Abijan ko yana ma wani kamfanin waje aiki daga ɗakinshi. In komi na Yamai ne, ranar da abu ya faru a Maraɗi ko Damagaram sai an jira mutum ya yi tafiyar kilomita ɗari shida da wani abu, Damagaram ma kusan ɗari tara, bisa kwalta. Ko mutum biyu ne a aje a kowace jiha mana.

Sani Rezo:

Ɗalibi ka faɗi gaskiya amma a fara biyan mutum biyun albashin da za ya hana su gudu tukuna 😂

Ɗan Taransit Mokoyo:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya maganarki ta shige ni, yau da safe na bi abokan aikinmu na layinmu ɗaya bayan ɗaya na gaya masu abin da ya same ni, kuma ga mamaki mutum biyu sun ce su ma wani imel ya shigo masu satin da ya wuce da sunan wai kamfanin jirgin ruwa ne ke aiko takardar kaya, ɗaya bai buɗe ba don ba ya jin Ingilishi, ɗayan sakatarenshi ya buɗe amma a salula. Na ce kar su goge saƙon. Yaron biro kuma Sani na tsare shi, ya rantse ba fim ba ne, wannan takardar ce ya buɗe ran Asabar yana zaton ta wani Alhaji ce da muke jiran kwantenarshi, ban ga laifinshi ba ni ma da na buɗe.

Baba kai kuma kar ka yi mani dariya, abokin aikina dattijo ashe yana da wani kaye, wato littafi, da yake rubuta bashi a ɓoye don bai taɓa yarda da na'urar ba, mun samu kusan rabin lissafin a ciki. Sauran sai mu bi mutane mu ga mai tsoron Allah.

Injiniya in kana gari ran Juma'a bayan an sauko masallaci zan biyo da ordinater ɗin ka duba ko mai gyaran ya bar wani abu da za a iya tonowa, kuma in zo da wanda saƙon ke cikin salularshi mu ga yadda za a rubuta ƙarar. Diskin nan na waje nawa yake yanzu, kuma a nan zan saya ko in sa a taho mani da shi daga Kano?